Tabon Jirgi a Goshin Mai Labarai

Ranar da muka dawo daga binne Oga Pam, wani yaro mai gyaran waya a kasuwar Taminus ya zauna kusa da ni a rumfar makoki, ya ce, "Baba, ai ku kun sha daɗi. In talabijin ta ƙi, a daka mata duka a gefe, ta kawo, a karɓi kuɗi." Abokansa suka yi dariya. Ban tanka ba, domin gidan mutuwa ne. A nan zan ba shi amsa, shi da masu irin tunaninsa.

Sunana Garba. A unguwar Ali Kazaure aka haife ni, haƙar kuza ce ta kawo kakana Jos. Da na gama firamare mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Anguwan Rukuba wurin Pam, wani Birom mai gyaran rediyo da talabijin. Maƙwabta suka yi ta surutu, wai duk Musulmin garin nan a rasa wanda za a ba yaro sai mai zuwa coci. Mahaifina ya ce hannu ya je nema mini, alƙibla kuwa ya riga ya ba ni a gida.

Aikin farko da na gani a shagon wata talabijin ce mai bawul, irin ta da mai ƙananan kwalaben wuta a ciki, katakonta ya kai girman akwatin lefe. An cire ta daga wuta tun jiya. Na miƙa hannu zan taɓa bayan kwalbar hoton, wadda muke kira tub, sai Pam ya buge mini hannu da filaya. Ya ɗaura waya a jikin doguwar sukudireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen injin, ya sa hannunsa na hagu a aljihu, ya zura sukudirebar ƙarƙashin robar da ke manne a jikin tub. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya, da ƙara kamar an karya busasshen kara. Sannan ya ce, "Wannan naka ne da. Ka gaishe shi." Tun daga ranar ban ƙara shiga bayan talabijin da hannu biyu ba. Ku da kuke ɓalle gilashin waya ku manna sabo, in kun yi kuskure waya ce ta mutu. Mu in mun yi kuskure, mu ne.

Shekarar farko ban riƙe ayon, ƙarfen da ake liƙe waya da dalma, ba. Shara nake yi, da hure ƙura daga cikin injuna, da riƙe madubi. Mai gyara yana baya, hoto yana gaba, don haka sai an tsaya masa da madubi yana murɗawa yana kallo. Hannuna ya yi ta rawa, shi kuma yana cewa, "Garba, hoton ne yana rawa ko kai ne?" Ba mu da takardar da ke nuna hanyoyin wuta sai ta injuna ƙalilan. Sauran da hanci da kunne da bayan yatsa ake bin su. Kwandansa in ta ƙone warinta daban, taransifoma nata daban. Abin da ya lalace ba a jefarwa. Pam yana warware wayar taransifoma siririya kamar gashi, ya sake naɗa ta a kan gwiwarsa, yana ƙirga zagaye da leɓɓansa, in ka yi masa magana a tsakiya ranar ba ka da abincin rana. Da aka yaye ni ban tafi ba. Na yi aure, na ci gaba da zama a bencinsa, muna raba aiki.

Sai kun san yadda talabijin take a gidajen Jos a lokacin kafin ku gane abin da ya same mu. Tasha ɗaya ce, da yamma take buɗewa, kafin tsakar dare ta rufe. Da rana babu komai sai yashi a gilashi. Saboda haka inji yana aiki na ɗan lokaci, cikin sanyin Jos, ya huta sauran yinin. Kuma talabijin ba kayan aiki ba ce kawai, mutuncin falo ce. Kowace matar gida tana saƙa mata mayafi da zare da ƙugiya, mai kauri, mai furanni, ya rufe ta daga sama har bayanta, a ɗora hoton aure da gwangwanin fure a kai. In za a yi kallo ba a cire shi. Gaban kawai ake ɗagewa a naɗe, bayan yana nan a kwance kan ramukan da zafi ke fita. Mun sha faɗa. Amma tunda injin ba ya daɗewa a kunne, abin bai taɓa kashe kowa ba, mu ma muka gaji muka bari.

Manyan injuna ba a kawo su shago, mu ke zuwa gida. Nan doka ta biyu take, bayan ta hannu a aljihu. Mai gyara yana shiga har falon mutum, wani lokaci har ɗakin kwana. Yana ganin kwalbar da aka ɓoye bayan kujera, yana jin faɗan da aka katse don ya yi sallama. Pam ya ce mini, "Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Abin da ka gani a falon mutum, ka bar shi a falon tare da ƙurar." A kan wannan dokar manyan mutane suke ba shi makullin gida su tafi aiki.

Aikin da ya karya mu ya zo ne a shekarar da soja ke shirin miƙa mulki. Wani likitan dabbobi da ke zaune a Vom, ba zan faɗi sunansa ba, ya dawo daga karatu a Amurka, ya aiko a kira Pam. Muka hau babur muka je. Ya fito da wani baƙin akwati da bai kai faranti biyu ba, da 'yar sanda mai maɓalli ɗaya a jikin waya, da kaset mai hoton jirgi a bayansa. Na gane hoton nan take. Daga wani fim ne na yaƙin sararin sama da aka yi ta nunawa a silima a shekarar, wanda yaran gari suka haddace har suna kwaikwayon ƙarar bindigoginsa a layi. Likita ya ce wannan akwati zai sa mutum ya shiga cikin fim ɗin ya tuƙa jirgin da kansa.

Saura kaɗan ya cusa wayar akwatin a wutar bango. Pam ya riƙe masa hannu. Wutar Amurka rabin tamu ce, da ya cusa da hayaƙi kawai zai gani. Muka koma shago, Pam ya naɗa masa taransifoma mai rage wuta, da hannunsa, ya sa ta cikin gwangwanin biskit. Muka dawo muka haɗa a wurin eriya. Hoto ya zo yana gudu sama kamar guga a rijiya, domin lissafin hotonsu ba irin namu ba ne. Pam ya zagaya baya, ni na riƙe madubi, ya yi ta lallaɓa maɓallin tsayar da hoto har ya tsaya. Murya ta ƙi, sai huci. Ya buɗe akwatin, ya sami wata 'yar naɗaɗɗiyar waya, ya murɗa cikinta da tsinken roba kaɗan kaɗan har ƙarar harbi ta fito. Babu wanda ya koya masa. Bai taɓa ganin irin abin ba sai ranar.

Wasan kansa, in kun gan shi yau, za ku yi dariya. Baƙin fili ne da ɗigon taurari. A can sama akwai babban jirgin abokan gaba, fari fat, kamar faifai a kife, ba ya motsi. Daga cikinsa ƙananan jirage ke zubowa. Naka jirgin yana ƙasa, kana kai shi dama da hagu da sandar, kana danna maɓalli yana harbi. A kusurwa lambobi suna ƙaruwa. Ba a cinye shi. Kana kashewa suna ƙara sauri har su kashe ka, ka sake daga farko. Likita ya karɓi sandar, mutum mai furfura a gemu, ya cije leɓe, ya manta muna ɗakin.

Pam ya tsaya yana kallon farin jirgin nan da ba ya motsi. Ya ce, "Likita, wannan abu yana tsaye wuri ɗaya. Tub ba ya son haka. Kar a ƙure haske, kar a wuce awa guda, kuma a cire rigan nan na Madam gaba ɗaya in za a kunna." Likita ya ce to, to, bai juyo ba.

A Jos ba a hana maƙwabci aro. Turmi, tsani, kujerun biki, haka akwatin nan ma ya shiga yawo. Likita yana da abokai a Anguwan Rukuba, 'yan cocinsu Pam, ma'aikatan sakatariya da na banki. Wannan ya karɓa ya yi mako, wancan ya karɓa. Kowane gida sai an kira Pam, don sai an taɓa bayan talabijin kafin hoto ya tsaya, in an gama kuma a mayar da ita yadda take. Na ce masa mu ƙi. Ya ce in mun ƙi za su yi da kansu, wani ya zura hannu inda bai kamata ba. A kowane falo ya maimaita gargaɗin nan, har na haddace shi. A kowane falo aka ce don yara aka karɓo.

Aiki na gaba da nake tunawa a gidan Mista Yohanna ne, babban akawu, dattijon coci. Na je da hantsi in kai wata rediyo da matarsa, Madam Rifkatu, ta ce a ajiye mata a baranda. Ita malamar makaranta ce, tana aji a lokacin, yara ma suna makaranta. Na tarar da motoci biyu a bayan gida, ba a gaba ba. Na yi sallama, ba a ji ba, don ƙarar harbi. A falon akwai Mista Yohanna da Likita da wasu biyu, duk da kwat ɗin ofis, an sassauta laktaya. Rana ta shigo ta taga, don haka sun ƙure haske har ƙarshe. Mayafin yana nan kwance a baya da hoton aure a kai. Na ɗora bayan hannuna a kan katakon, ya yi zafin da za a gasa masara.

"A'a, Malam Garba," in ji Mista Yohanna, "mun ɗan leƙo ne mu gwada wa yara."

"Oga, injin ya yi zafi."

"Yanzu za mu kashe. Likita, ba ni, ai ka mutu."

"Ban mutu ba, saura jirgi ɗaya. Kai da ko layin farko ba ka wucewa."

Na koma na gaya wa Pam. Washegari ya je da kansa, ya same su a wani gidan, ya yi musu magana. Suka ba shi lemo. Haka abin ya yi ta tafiya har damina ta wuce. Su sa hannu a ofis da safe, su rataye hula a kujera, su zame, su yini suna harbin jirage, kafin matan su dawo a kashe a sauke gaban mayafi.

Talabijin ɗin Madam Rifkatu ce ta fara. Da yamma mai karanta labarai ya fito, sai ga inuwar faifai a kife a goshinsa, da dusu-dusun lambobi a kusurwa. Aka canza shiri, inuwar tana nan. Aka kashe injin, tana nan a gilashi kamar tabon ƙuna. Ƙuna ce kuwa. Hodar da ke cikin fuskar tub ta cinye a wurin da farin jirgin ya daɗe yana ci. Wannan ba ya gyaruwa, sai sabon tub, kuma tub shi ne rabin injin. Kafin wata ya ƙare gidaje da dama sun ga jirginsu. Biyu kuma taransifomar hotonsu ta narke saboda zafi.

Sai magana ta tashi. Ba daga matan ta fito ba, su tambaya kawai suka yi. Mazan ne suka ba da amsa: ai tun da Pam ya taɓa bayan injin. Daga nan ta yi ƙafa. Wai yana cire tub mai kyau ya sa tsoho. Wai yana murɗa wani abu don inji ya lalace a dawo masa. Wani mai gyara a cikin gari, wanda ko fiyus bai iya canzawa daidai ba, ya riƙa ce wa mutane shi ma ya daɗe yana zargi. Mutumin da ake ba makullin gida, aka koma in ya wuce a layi mata su yi shiru. Bencinmu ya bushe. Har rediyoyin da aka kawo tuntuni aka riƙa aiko yara su karɓe ba a gyara ba.

Na ce masa, "Oga, kalma ɗaya ce. Ka faɗa wa Madam Rifkatu abin da na gani."

Ya ce, "A ina ka gani?"

"A falonta."

"To."

"Su da suka ci amanarka?"

"Su ne suka ci. Ni ban ci ba tukuna."

Aka kai ƙara wurin dattawan coci. Ranar Asabar da rana aka zauna a ajin da ke bayan cocin, ni ma aka bar ni na shiga a matsayin wanda ke tare da shi. A kan bencin dattawa akwai Mista Yohanna da ɗaya daga cikin waɗanda na gani da idona. Likita yana gefe, wai shaida. Faston sabon zuwa ne, bai san komai ba. Pam ya yi bayani a hankali, yadda hoto mai tsayawa wuri ɗaya yake cin tub, yadda mayafi ke riƙe zafi. Ya ce sai inji ya yini a kunne, kwana da kwanaki, haske a ƙure, kafin haka ta faru.

Madam Rifkatu ta miƙe. Ba muguwar mace ba ce, albashinta ta tara ta sayi injin nan. Ta ce, "Baba Pam, ina girmama ka. Amma yarana sau biyu suka taɓa abin nan, ranar Lahadi, ina zaune. Sauran kwanaki suna makaranta, ni ina aji, maigida yana ofis, gida a kulle. To wa ya yini yana kunnawa? Aljani?"

Aka yi dariya kaɗan. Mista Yohanna yana duban takalminsa. Likita ya ciro hankici yana goge tabarau. Na buɗe baki, sai na ji diddigen Pam a kan yatsun ƙafata, da nauyinsa duka.

Fasto ya ce, "Pam, ka san wanda ya kunna?"

Pam ya juya ga mazan nan. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowannensu lokacin da zai ishe shi ya yi tari ya ce wani abu. Babu wanda ya yi. Sai ya ce, "Fasto, ni aikina bayan inji ne. Wanda yana zama a gaba, shi zai faɗa."

Ba su faɗa ba. Mista Yohanna da bakinsa ya kawo shawarar sulhu, wai kada a kai ɗan'uwa ga 'yan sanda, Pam ya canza tub ɗin kowa a bar magana. Har aka yaba masa da sauƙin kai. Laifi tudu ne, an ce, amma ban taɓa ganin waɗanda suka hau nasu suka yi shimfiɗa a kai kamar mutanen nan ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da suke karewa. Ba sata suka yi ba, ba neman mata ba. Kunya ce kawai ta a ce babban mutum ya gudu daga ofis yana harbin jirgin yara. A kan wannan suka ɓata sunan mutum.

Pam ya sayar da babur ɗinsa da wata gonar dankali da ya gada, na bi motar dare zuwa Legas na ɗauko tub a cikin kwali da ciyawa, ina rungume da su kamar ƙwai. Canza tub ba wasa ba ne. Sai ka sauke wuta, ka zare naɗin wayar da ke wuyansa ba tare da ka karya wuyan ba, in ya fashe iska ce ke jan gilashin ciki sannan ta watso maka a fuska. In mai kala ce sai ka yini kana daidaita ja da kore da shuɗi har su hau kan juna. Na ce masa mu yi musu aikin gaggawa mu fita. Ya ce in na ƙara faɗin haka in koma shara. Kowane inji ya yi masa aikin da ya fi na kamfani. Matan suna tsaye a kanmu suna kallon hannunsa, kada ya saci wani abu.

Gidan Likita ne na ƙarshe, don tasa ma ta kama tabon. A motar haya muka je Vom, tub a cinyata. Muka gama wajen la'asar, tasha ta buɗe, hoto ya fito tas. Matarsa ta duba goshin mai magana da kyau, ta ce to, ta shiga kicin ba ta ba mu ko ruwa ba.

Likita ya leƙa ya ga ta tafi. Ya jawo baƙin akwatin daga ƙarƙashin kujera, da gwangwanin biskit ɗin, ya rage murya.

"Pam, ka san yadda abubuwa suke. Ba a so haka ba. Ɗan haɗa mini kafin ka tafi, wannan karon zan kiyaye."

Pam yana durƙushe yana mayar da kaya cikin jaka. Ya sa ayon, ya sa mita, ya sa filaya. Madubin da doguwar sukudirebar nan mai waya ya miƙo mini, ya ce in riƙe, nawa ne. Sannan ya tashi, ya karkaɗe gwiwarsa.

"Likita, ka nemi mai talabijin," ya ce. "Ni mai gyaran rediyo ne."

Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan, a ƙaramin teburi a bakin shagon, da rediyoyin masu gadi da na 'yan tasha. Bai ƙara buɗe bayan talabijin ba, ko tawa.